Inna Mai Ludayi, Wadda Ta Ƙi Raba Tukunya

Da la'asar sakaliya, in ka bi ta bayan gidanmu, abin da za ka fara ji shi ne ƙarar wuƙa a kan katako. Inna Mai Ludayi ce ke yanka albasa. Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa. Tana zaune a kan 'yar gajeruwar kujerarta, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa, rediyo na ta surutu a bakin taga babu mai sauraronsa. In ta gama da albasa sai ta koma kan kaza, ta ɗaye fatar, ta tsince kitsen tas. Sannan ta ɗauko kwalbar mai, ta harare ta kamar maƙwabciyar da ba ta yarda da ita ba, ta ɗiba cokali guda, ta rufe.

Inna ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Aikin girki ya kawo ta gidanmu tun ina firamare, lokacin Mama tana koyarwa, ba ta dawowa sai yamma. Yanzu ga ni da nawa 'ya'yan. A ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye aiki ta koma wurin ɗanta, don gwiwar ta ƙi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yabon mutum ya fi daɗi yana raye, kunnensa na ji.

Da can, hannun Inna nauyi gare shi wajen mai. Miyarta in ta huce, sai ka ga mai ya kwanta a sama kamar an shimfiɗa tabarma. Babu wanda ya kai Baba son wannan girki. Ya dawo daga shagonsa na kayan gini a gajiye, a ajiye masa shinkafa da miya, soyayyiyar kaza da soyayyen dankali, ya ci ya lashe yatsu, ya jingina da bango ya ce, "Duniya ke nan, sauran duk labari ne."

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a shago. Da ƙyar aka ceto shi. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa zuciya, kuma in ana son ya ga jikoki, to a rage gishiri, a rage mai, a bar soye-soye.

Tsoro ya sa muka yi abin da kowa ke yi: muka raba tukunya. Mu a ci gaba da soya mana, shi a tafasa masa ganye da kifi, fari fat, ba gishiri ba armashi, a kai masa ɗaki. Yana zaune shi kaɗai, ƙamshin namu yana bin sa ta ƙarƙashin ƙofa. Mutumin da in yana gida ba ka jin muryar kowa sai tasa, ya koma shiru. Kwanon yakan dawo kusan yadda aka kai shi. Wandonsa ya fara zamewa. Ana nan sai Mama ta tsinci takarda sharkaf da maiƙo a aljihun rigarsa. Ashe in ya ce zai fita miƙe ƙafa, wurin mai soya nama na bakin titi yake tsayawa.

Mama ta yi kuka, ta yi faɗa. Baba ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Malama, gara in mutu a ƙoshe da in rayu ina kiwo kamar akuya."

Inna tana bakin ƙofar kicin, ta ji komai. Da Baba ya shige ɗaki sai ta matso ta ce wa Mama, "Malama, ba rashin gishiri ke cin sa ba. Mun fitar da shi daga cikin mutane ne. Daga gobe tukunya ɗaya zan ɗora. Abin da Maigida zai ci, shi kowa zai ci."

Yayanmu, wanda a lokacin yake ji da ƙuruciya, ya yi tsalle ya dire. "Haba Inna! Mu ai lafiyarmu ƙalau."

"Shi ma lafiyarsa ƙalau da yana kamarka," in ji ta.

Kada wani ya zaci dama ta iya. Ba ta iya ba. Ranar da Baba zai koma asibiti ta yafa mayafi ta bi su shi da Mama, ta tsare ma'aikaciyar jinya da tambaya har masu layi suka fara tsaki. Wake fa? Ƙwai fa? Dunƙulen miya shi ma gishiri ne? Abin da ba ta gane ba ta ce a maimaita. Ta dawo ta fara gwaji, kuma mun sha wuya. Kazar farko da ta gasa ta fito kamar tsohon takalmi. Autarmu ta jefa wa kyanwa, kyanwa ta shinshina ta yi gaba. Inna ta yi dariya har da hawaye, washegari ta sake.

A hankali hannunta ya gano hanya. Ta koyi jiƙa kaza tun safe cikin lemon tsami, tafarnuwa, citta da masoro, ta gasa ta a rufe har ta yi laushi, sannan ta buɗe ta yi ja. Ta gane cewa albasa, in ka yi haƙuri da ita a ƙaramar wuta kana yayyafa ruwa, da kanta take fitar da zaƙi. Tumatir da tattasai ta riƙa gasa su kafin a niƙa, sai miya ta yi kauri da ƙamshi ba tare da an malala mai ba. Dankali ta tafasa shi sama-sama, ta shafe shi da ɗan mai a tafin hannu, ta sa a gashi. Shinkafa ta rage, ta cika gurbin da wake, kabeji da karas. Gishiri kuwa ba ta janye shi lokaci guda ba. Kaɗan-kaɗan ta riƙa sace shi, har harsunanmu suka manta ba su yi ƙara ba.

Ina zaune a wurin ranar da Baba ya share kwanonsa, sannan ya leƙa tukunya ya ce, "Inna, akwai saura?" Inna ta zuba masa, ta juya ta fuskanci murhu ta daɗe tana goge wurin da ba shi da datti.

Ke ce, Inna, kika dawo mana da uba cikin falo. Ke ce kika gane abin da mu 'ya'yansa tsoro ya hana mu gani, cewa mara lafiya ba jini da zuciya kaɗai ba ne, yana da harshe, yana da kunya, yana son a miƙo masa kwano daga inda ake miƙa wa kowa. Kuma ba ki taɓa yi wa girkinki kirarin da bai kai ba. Duk wanda ya ce abincinki ya warkar da Baba, sai ki ce, "A'a. Girki abokin magani ne, ba kishiyarsa ba." Ke ce ma mai bin sa da kofin ruwa kina cewa, "Maigida, ƙwayar fa?"

Labari ba ya zama a gida ɗaya. Matar tela ta layinmu ta fara zuwa, mijinta na fama da ciwon suga. Ta ba ni labari da bakinta cewa ta zo da niyyar a faɗa mata abin da za ta hana shi, sai Inna ta ce, "Bar wannan tukuna, 'yata. Me ya fi so a duniya?" Ta ce taliya da miyar nama. Inna ta ce, "To da ita za mu fara." Ta bi ta har kicin ɗinta, suka dafa tare, taliya kaɗan, ganye da yawa, nama ba kitse. Daga nan sai matar direba, sai wani magidanci da matarsa ta kwanta rashin lafiya ya zo yana jin kunya, bai ma san yadda ake riƙe wuƙa ba. Inna ba ta yi masa dariya ba sai da ya tafi.

Ba kowa aka ci nasara a kansa ba, kuma ba zan ɓoye ba. Mai askin unguwarmu ciwonsa ya riga ya yi nisa. Inna ta yi ta zirga-zirga gidansa, amma rai ya yi halinsa. Na ɗauka abin zai karya mata gwiwa. Bayan an share makoki sai matarsa ta zo har kicin, ta durƙusa ta ce, "Inna, na zo godiya. Har ranar ƙarshe tare da 'ya'yansa yake cin abinci, kuma yana cewa ya yi daɗi." Na daɗe ina juya wannan magana. Ashe ba tsawon kwana kaɗai ake nema a tukunya ba. Wannan na Allah ne. Abin da ke hannunmu shi ne kada kwanakin su yi ɗaci.

Baba yana nan. Ya tsufa, ya ƙara rigima, jikoki na hawa kafaɗarsa. Da aka gaya masa Inna za ta tafi, ya kira ta falo ya gyara murya zai yi jawabi. Maimakon jawabin, sai ya ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?"

"Kwantar da hankalinka, Maigida," in ji Inna. "Na bar maka Malama da 'ya'ya mata biyu. Duk ni na horar da su."

Mun gode, Inna, mai hannun albarka. Allah ya sassauta miki gwiwar nan, ya sa ki ci daga hannun jikoki yadda muka ci daga naki.

Ku kuma masu karatu, kusan kowane gida akwai wanda likita ya yi wa iyaka. Kada ku tsaya jiran sai an sami wata Inna. Yau da yamma ku je ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi abin da ransa ya fi so. In girkin farko ya ƙone, ku yi dariya ku sake ɗorawa.