Sauƙin Rayuwar Da Ya Karya Mini Baya

Assalamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Ni mace ce da ta haura shekara hamsin da biyar, haifaffiyar Garoua. Kafin abin da zan ba ku labari ya faru, sana'a nake yi a unguwar Roumdé Adjia. Ina da manyan firigo a zaure, ina sayar da ƙanƙara da ruwan folere, wato zoɓo. Wanda ya san zafin Garoua ya san wannan ba ƙaramar sana'a ba ce. Da ita na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki, da ita nake zumunci ban miƙa wa kowa hannu ba. Maigidana ma'aikacin ofis ne, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wannan halin nasa ne ma ya sa na kasa yi masa musu a ranar da ya kamata in yi.

Bayan ya yi ritaya, wani amininsa da suka yi aiki tare ya rasu ba zato ba tsammani. Daga nan Alhaji ya sauya. Ya daina kallon talabijin, ƙarar waya ta fara ba shi haushi, in aka ɗauke wuta sai ya ce dama mu muka mai da kanmu bayinta. Kullum zancensa ƙauyensu da ke kan hanyar Rey Bouba, da ruwan randa, da tuwon da mahaifiyarsa ke yi da garin da aka daka a turmi. Wata rana ya zaunar da ni ya ce yaranmu duk sun yi aure, saura me muke jira a gari? Mu koma gidan mahaifinsa mu ƙarasa kwanakinmu ba lantarki, ba waya, ba hayaniya, mu fuskanci ibada. Yayata ta ja ni gefe ta ce in yi tunani, jikina ba na da ba ne. Na ce mata mutumin da bai taɓa neman komai a wurina ba, yau ya nemi abu ɗaya, da wane ido zan ce a'a? Na sayar da firigona, na ba 'yata da ke aure a nan Garoua murhun gas. Shi ya kyautar da wayarsa, ni kuma na bar tawa a gari don kada ya ga kamar da rabin zuciya na bi shi.

Ba zan yi ƙarya ba, farkon zuwanmu na ji daɗin iskar wurin da shirunsa. Amma ba a daɗe ba na gane yadda aka raba wannan sauƙin rayuwar. Alhaji yana ƙarƙashin bishiya da Alƙur'ani da carbi, hawan jininsa ya sauka, har kumatu ya yi. Ni kuwa daga asuba ina hanyar rijiya, in dawo in faskara itace, in hura wuta hayaƙi na cin idona, in yi daka, in yi wanki a tsugune. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen ƙauyen su kansu ba haka suke zaune ba. Akwai injin niƙa a bakin kasuwa, gidaje da yawa sun kafa sola, matan suna da wayoyinsu. Mu kaɗai muka zo daga birni muna rayuwar da su suka gudu daga gare ta. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta taɓa tambayata da Fulatanci ko wani laifi muka yi a Garoua aka koro mu. Ranar Juma'a in ya tafi masallaci nakan saci jiki in kai dawa inji. Ya ci tuwon ya lumshe ido ya ce wannan shi ne irin na Innarsa, garin inji ba ya taɓa yin haka. In haɗiye takaici.

Nakan ce masa bayana na ciwo, amma a fakaice, kamar ana hira. Sai ya ce in yi haƙuri, jiki zai saba, mahaifiyarsa ma haka ta rayu. Ban taɓa buɗe baki na tuna masa cewa ita tana da 'ya'ya mata da surukai cike da gida ba, kuma duk da haka a sunkuye ta ƙare rayuwarta.

Da damina ta yi nisa, wata safiya na ɗauko ruwa a ka, santsi ya kwashe ni a bakin rijiya. Na ji wani abu ya ba da ƙara a ƙuguna, na yi yunƙurin tashi na kasa. Mata ne suka ɗauko ni a tabarma. Mayo, wato rafin da ke tsakaninmu da babbar hanya, ya cika ya tumbatsa, ba motar da ke shigowa. Alhaji ya shiga gida gida yana roƙon aron waya. Aka ba shi, ya riƙe ta yana kallo, domin ba lambar 'ya'yansa ko ɗaya da ya haddace, duk suna cikin wayar da ya kyautar. Sai da wani mai kai kaya kasuwar Garoua ya kira ɗan'uwansa da ke can, shi kuma ya taka da ƙafa har gidan 'yarmu ya faɗa mata.

Kafin ruwan ya janye na yi kwanaki a kwance. A nan Alhaji ya ɗanɗana abin da nake sha. Ya je rijiya sau ɗaya ya dawo da rabin bokiti yana haki, ya hura wuta har hawaye suka wanke masa gemu. Ya kawo mini kunu duk gudaji ya ce, "Hajiya, ashe aikin nan da wuya haka?" Na ce, "Alhaji, wannan na yini ɗaya ne ka gani."

Da 'yata ta samu hanya ta zo ta kai ni asibiti a Garoua. Likita ya ce ƙashin bayan ya taɓu, kuma ba faɗuwar kaɗai ba ce, ya daɗe yana cin wahala. Ba ni ba ɗaukar kaya, ba ni ba doguwar tsayuwa. 'Yata ta kasa daurewa, ta tambayi babanta cikin kuka yadda aka yi ya zuba ido har na kai haka. Ya sunkuyar da kai ya ce ai ban taɓa faɗa masa ba. Wallahi wannan maganar ta fi ciwon zafi. Na ji haushinsa, domin mai ido ba ya bukatar a faɗa masa. Na kuma ji haushin kaina, domin akwai gaskiya a cikinta.

Yanzu ina zaune a gidan 'yata, ina tafiya da sanda. Ni da nake ciyar da wasu, yau sai an miƙo mini ruwan alwala. Alhaji yana can yana nan, ya kasa rabuwa da ƙauyen. Ya kafa sola, ya sayi waya, yana biyan masu kawo masa ruwa da abinci, kuma har gobe in ya zo duba ni yakan ce ba abin da ya kai rayuwar ƙauye kwanciyar hankali. Ban ce ya yi ƙarya ba. Shi ya samu.

Ba zagin ƙauye nake ba, ba kuma na ce mutum kada ya rage son duniya in ya girma. Amma maza, kafin ku ce za ku koma rayuwa irin ta iyayenku, ku tuna cewa kuna yara lokacin, abinci kawai kuka gani a kwano, ba ku ga wadda ta tashi tun duhu ba. Ku tambayi kanku wa zai yi aikin da na'urar nan take yi in kun jefar da ita. Ku kuma 'yan'uwana mata, biyayya ba ta hana ki faɗi abin da jikinki ba zai iya ba, ki faɗa a fili tun kina tsaye da ƙafafunki. Ni na bari sai da na kwanta, kuma likita ya ce ba zan miƙe kamar da ba.