Allurar Kyaftin

Duk mai jirgin ruwa a Harlingen, garinmu na bakin teku, ya san hannun Hiske Dijkstra. Ita ke ɗinka tamfol ɗin rufe jirage, tun tana budurwa a shagon mahaifinta har gashinta ya yi fari fat. Yatsunta sun yi kanta, in basilla ta soke ta sai ta ga jini a jikin tamfol sannan ta sani. Ga baki, ba ta raga wa kowa. Amma wannan jarumar, ku nuna mata allurar likita, wadda da kaɗan ta fi gashi kauri, yanzu ku kwashe ta a ƙasa. Tana makaranta ta suma a layin rigakafi tun ba a zo kanta ba.

Kyaftin kuwa wani jan muzuru ne ƙato, da ya shigo shagon wata rana ana ruwa, ya haye tulin tamfol ya kwanta, bai sake tafiya ba. Da mijinta ya rasu, ta rufe shago, 'yarta Femke ta koma Utrecht da aiki, shi kaɗai ya rage mata a gida wanda za ta yi wa faɗa da safe. Tana sonsa sosai, ko da yake in ka faɗa a gabanta sai ta ce ɓarawon cuku ne kawai.

A lokacin kaka Kyaftin ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana ci yana ramewa. Likitar dabbobi ta ce ciwon suga ne. Allurar insulin safe da yamma, sai ya ci abinci tukuna, kwalbar a firij, a murza ta a tafin hannu kada a girgiza. In aka ga yana tangaɗi, sugansa ya yi ƙasa, a goga masa abu mai zaƙi a dasashi a kawo shi da gudu. Hiske na ta gyaɗa kai. Da likita ta zaro allurar don ta gwada mata, sai farfaɗowa Hiske ta yi a kan benci, karen wani yana lasar mata takalmi.

Maƙwabcinta Wiebe ne ya fid da ita. Tsohon mai kiwon shanu ne, ya yi wa shanu allura har ya gaji, kuma irin mutanenmu ne na ƙauye da ke ganin magana almubazzaranci ce. Safe da yamma zai shigo ta ƙofar baya kamar kowa, don ƙofar gaba ta baƙi ce, ya buɗe firij, ya yi abin da ya kawo shi, ya taɓa hula ya fita. Hiske tana banɗaki tana rera waƙa da ƙarfi har ya gama.

Sai Femke ta bugo waya.

"Mama, Baba Wiebe zai shiga asibiti aikin gwiwa. Wa zai yi wa Kyaftin allura?"

"Zan koya."

"Ke? Ranar bikin haihuwarki zan taho da kwando. In ba ki iya ba, na tafi da shi."

"Ki kai shi saman bene, inda ko ƙarnin kifi ba zai ji ba?"

"Zai rayu dai, Mama."

Hiske ta ajiye wayar, ta san yarinyar ta fi ta gaskiya.

Ta shiga gwaji a jikin lemo, ido ɗaya a rufe. Ta huda lemo har layinmu kaf ya gaji da kyautar lemo mai ɗiga. Amma da ta doshi Kyaftin sai ɗakin ya fara juyawa.

Ranar bikin ta tashi da wuri, ta zuba masa abinci, ya cinye tas. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, tana tuna kwando. Ta murza kwalba, ta ja maganin daidai layin da aka nuna mata, ta tattaro fatar bayan wuyansa da yatsu biyu. Sai yatsun suka gane abin: ai wannan ninkin tamfol ne, sai dai mai gashi. Ta soka ta danna. Kyaftin ko waiwayowa bai yi ba, yana ta lasar kwano.

Hiske ta zauna a ƙasa tana jiran suma, don kada ta faɗo daga tsaye. Suma ta ƙi zuwa. Sai dariya ta kama ta. Tsohuwa mai shekara saba'in ta miƙe tana rawa a kicin da silifa ƙafa ɗaya, ta rungume firij, ta sumbaci muzuru a ka, shi kuwa ya harare ta. Ta ce ba za ta gaya wa kowa ba sai a gaban taro, ta ga idon Femke. Da yake a wurinmu mai biki shi ke sayo kek ɗinsa, ta haye keke tana kaɗa ƙararrawa ba dalili, tana gaida mutanen da ta yi shekaru ba ta kula su ba, saura kaɗan ta faɗa kogin cikin gari.

Tana fita, Wiebe ya shigo ta baya. Ba kowa, kwano a share, muzuru a ƙoshe. Ya yi masa allura, ya taɓa wa ɗakin hula ya fita.

Da rana aka jera kujeru a zagaye a falo. Duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ya ba shi hannu: "Barka da ranar mahaifiyarki, barka da ranar maƙwabciyarka." Aka raba gahawa, kowa da yankan kek ɗaya a cinya. Kwandon Femke na ƙarƙashin kujerarta. Hiske ta kasa zama, sai murmushi take kamar amarya. Can ta buga cokali a jikin kofi.

"Femke, kwandon nan sai ki zuba dankali a ciki. Yau da safe ni na yi wa Kyaftin allura, da hannuna."

Aka ɗauki tafi. Griet mai sayar da kifi ta ce, "Wa ya kwashe ki daga ƙasa?" Aka fashe da dariya.

Wiebe ya ajiye kofinsa a hankali.

"Yau?"

"Yau, maƙwabci. Ka huta."

"Ni ma."

Kafin kowa ya gama fahimta, sai ga Kyaftin ya shigo tsakiyar zagayen yana tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu. Ya doshi Hiske, ƙafafun baya suka ƙi bin na gaba, ya zube.

Tsoro ya kama ta irin wanda allura ba ta taɓa ba ta ba. Amma ba ta suma ba. Ta faɗa kicin ta ɗauko baƙin maɗin da muke zuba wa fanke, ta durƙusa, ta ɗaga leɓensa tana goga masa a dasashi.

"Ɓarawon cuku, kada ka yi mini haka yau. Femke, kwando, tada mota. Kai kuma Wiebe, bakin naka na ado ne?"

Suka fita da gudu. Baƙi suka ci gaba da zama a zagaye, don ba a tashi daga biki kafin gahawa ta biyu, kuma babu mai zubawa.

Likita ta sa masa ruwan suga ta jijiya, ta riƙe shi ya kwana. Ta ce maɗin ya taimaka, sannan ta dubi Hiske ta ce daga yau mutum ɗaya ne mai allura, ya kuma riƙa buɗe baki yana faɗa.

Femke ba ta koma Utrecht ba sai da aka sallamo Kyaftin, likita ta ce a ci gaba da magani. Ta tsaya a ƙofar kicin ta harɗe hannu. Hiske ta murza kwalba, ta tattaro fata ta soka. Femke ta daɗe tana kallonta. Sai ta share ido, ta ce kwandon ya zauna a nan don zuwa wurin likita, ta ɗauki jakarta kaɗai ta tafi.

Washegari da safe aka ji takun Wiebe a ƙofar baya. Bai shigo ba. Ya tsaya a waje, hula a hannu, ya yi gyaran murya.

"Maƙwabciya, ni ne Wiebe. Ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Na zo dai in ji ko kin yi."

Hiske ta leƙo, Kyaftin na goga mata ƙafa.

"Na yi. Shigo ka zauna kafin surutun nan ya kayar da kai, akwai sauran kek."