Motar Mamman Mai Dawisu

Cikin duk shekarun da na yi ina sayar da injinan ban-ruwa da na niƙa a Ƙaura, akwai wata safiyar Laraba da har yau ba ta fita raina ba. Ranar ce Mamman direba ya shigo shagona, ko sallama bai ƙarasa ba, ya dangwarar da wayarsa a kan tebur ya ce in kalla. Ku da kuka fara aiki da ni daga baya guntu-guntu kuka ji labarin, to ga yadda abin ya faru.

Mamman shi ke ɗaukar mini kaya zuwa Shinkafi ranar kasuwa, wani lokaci kuma Zurmi. Motarsa irin ta ɗaukar kaya ce da ake kira kanta, shuɗiya. A bayanta an zana dawisu ya baje wutsiya, a goshinta an rubuta sunan 'yarsa, Asma'u. Daga Ƙaura har Jangeru babu wanda bai san motar nan ba.

'Yan makonni kafin wannan rana, wasu ɗalibai uku masu koyon zane a babbar makaranta suka zo wurina. Shugabarsu Hauwa'u, 'yar Zurmi ce, ita ke tsara labari. Bashar shi ke zane da hannu, Nura kuma shi ke aikin kwamfuta. An ba su aikin kammala karatu a rukuni: su yi fastoci na mannawa a bango da ɗan gajeren katun, wato zane mai motsi, da zai fahimtar da 'yan kasuwa da direbobi mene ne inshora. Malaminsu ya turo su gare ni don ya ji ina cikin 'yan kaɗan da suka yi wa sitonsu inshora a layinmu. Na gaya musu abin da na sani, na kuma ba su ɗakin bayan shago su riƙa aiki, tunda muna da sola.

A nan na ga yadda ake abin. Ba hoto ɗaya ake zanawa ba. Kafin taya ta juya sau ɗaya sai an yi zane bayan zane, kowanne ya ɗan bambanta da na baya, sannan kwamfuta ta jera su da sauri har ido ya ga motsi. Murya daga ƙarshe ake sa ta. Labarinsu mai sauƙi ne: ɗan kasuwa ya yi lodi, mota ta faɗi, kaya sun lalace, amma da yake ya yi inshora sai kamfani ya biya shi, ya koma kasuwa. Don zanen ya yi kama da na gida, Bashar ya je tasha ya ɗauko hotunan motoci. Ƙa'idar da malaminsu ya gindaya musu ita ce kada su zana fuskar mutumin da ke raye, kuma su goge lambar mota. Duk sun kiyaye.

Abin da na gani a wayar Mamman shi ne rabin farko na katun ɗin, babu murya, babu bayani. Kanta shuɗiya tana tafe, taya ta fashe, ta yi tangaɗi ta kife cikin rami. Buhuna sun watse, dawisu ƙafafu sama, ga Asma'u a rubuce ɓaro-ɓaro. Nan ya ƙare.

"Alhaji, mi na yi maka?" in ji Mamman. "Yaran da ka aje bayan shagonka sun kashe ni da raina. Tun asuba surukaina na Birnin Tsaba ke kira suna yi mini jaje. Sun ce ba a zana abu sai ya faru."

Na ce ya zauna. Ya ƙi.

"In zauna in yi mi? Gobe Alhamis, kasuwar Shinkafi, ita ce ranar da nake ci da gidana. Mai gero ya janye lodinsa. Ya ce shi ba camfi yake yi ba, amma hanyar nan da ma da addu'a ake shigarta, ba zai ƙara da motar da aka riga aka kayar ba. Matan da ke ba ni saƙon manja sun kwashe jarkokinsu. 'Yan kamasho kuwa in na wuce sai su ce, Mamman, yau a wace kwana za ka kwanta?"

Na kira ɗaliban. Nura ya amsa cewa shi ya tura wa wani abokinsa guntun don ya ba shi shawara, daga nan ya shiga wayoyin mutane ta wurin masu cajin waya. Bashar ya so ya kare kansa.

"Baba, ai mun goge lambar motar."

Mamman ya dube shi sama da ƙasa. "Lamba? Kai yaro, uwar da ta haife ni ba ta san lambar motata ba. Ni kaina sai na duba takarda. Wa ya taɓa tsayar da mota da lamba a garin nan?"

Hauwa'u ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta ce laifinsu ne su duka. Ya ce ta tashi, ita 'ya ce a wurinsa, amma haƙuri ba ya cika mota. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya shiga wayoyin mutane kuma ba mai iya kwaso shi. Sai na ce tunda a tasha maganar ta lalace, a tasha za a gyara ta. Bayan la'asar muka tafi wurin ciyaman ɗin direbobi, dattijo ne da ya daɗe da ajiye tuƙi.

Ciyaman ya sa aka kunna masa guntun har sau biyu a ƙarƙashin rumfa, direbobi sun kewaye mu. Da ya gama sai ya ce, "Zane dai ya yi kyau, shi ne matsalar. Wa ya zana?" Bashar ya ɗaga hannu. Ciyaman ya ce, "To gobe kai za ka zauna gidan gaba kusa da Mamman, har Shinkafi, ku dawo tare. Jama'a su ga wanda ya kayar da ita a takarda ya ba ta ransa. In da mugun nufi ya yi, ba zai shiga ba."

Aka fashe da dariya, ban da Bashar.

Daga nan aka koma kan gyaran katun. Hauwa'u ta ce za su sake zana motar daga farko, duk da lokacin miƙa aiki ya matso. Ta buɗe kwamfuta ta ce a zaɓi launi. Ta nuna kore, wani ya ce wannan ta Ɗan Jangeru ce. Ta nuna ja, wani ya miƙe ya ce, "A'a ɗiyata, kada ki ja mini." Fara ta mutum uku ce. Rawaya mai ita ya tafi Gusau, amma ƙanensa yana wurin ya ce bai yarda ba. A ƙarshe aka tsaya a kan ruwan hoda, ba zane, ba rubutu, domin duk tashar an shaida babu direban da zai yi wa motarsa wannan fenti ya iya fitowa cikin mutane.

Da aka gama sai Mamman ya ce, "Ni fa an riga an ga tawa a kife. In kun cire ta gaba ɗaya, a kifen za ta zauna a idon mutane. Ku bar ta a ciki. In waccan mai ruwan hodar ta faɗi, tawa ce za ta zo ta kwashe kayan ta kai su kasuwa." Ni da nake ganin na san talla, ban yi wannan tunanin ba.

Washegari na loda injinana kamar kullum. Rabin motar babu kaya, don mai gero bai dawo ba. Bashar ya shiga gaba, 'yan kamasho suna yi masa addu'ar sauka lafiya da ƙarfi don kowa ya ji. Daga baya Mamman ya ba ni labari cewa duk kwanar da suka zo sai ya rage gudu ya ce, "Malam mai zane, nan ne wurin?" Yaron bai bar salati ba har Shinkafi. A dawowa wasu 'yan kasuwa biyu suka ba shi lodin albasa.

Da katun ya kammala, a tasha aka fara nuna shi, kafin ma malaminsu ya gani. Da kanta shuɗiya ta ɓullo, dawisu a tsaye, aka yi ta tafi ana kiran sunan Mamman. Sai bayan an ga ba a taɓa motar kowa ba sannan mutane suka saurari abin da ake faɗa. Aka yi tambayoyi na gaske. Wani ya ce shin ba caca ba ce, Hauwa'u ta yi bayanin takaful, inda ake haɗa gudummawa a tallafa wa wanda asara ta samu, ta ce sauran hukuncin a tambayi malamai. Mamman ya zaro takardar inshorar motarsa ya ce shekara da shekaru yana sabunta ta, a zatonsa don nuna wa jami'ai a hanya kawai ake yin ta. Nura ya karanta masa, ya gaya masa irin tasa tana biyan wanda ya yi wa ɓarna ne, ba ta gyara motarsa. Bai ji daɗi ba, amma ya sani.

Lodi bai dawo masa rana ɗaya ba. Matan manja suka fara dawowa, mai gero sai da aka ci kasuwa biyu ko uku.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mutanenmu in ka nuna musu asara, ba sa fara tambayar me ya faru, sai sun tambayi ta wane ne. Yaran nan sun iya aikinsu, sun bi ƙa'idar da aka koya musu, amma wannan ba ya cikin ƙa'idar. Shi ya sa nake hana ku, in kuna yi wa mai saye bayanin abin da ke lalata inji, ku ce masa "in injinka ya ƙone." Ku ce "akwai wani inji da aka bari ba mai." Zai tsaya ya ji ku har ƙarshe, kuma gobe zai dawo shagon.