Taɓaryar Desanka

Milisav ya yi ritaya daga masana'antar famfo, amma hannunsa ya ƙi yin ritaya. A rumfar bayan gidansa, can wani ƙauye a Sabiya, ya girke tsohon injin sassaƙa ƙarfe. Ba abin da yake sassaƙawa sai harsashin tagulla na bindigar kakansa, wadda aka daina ƙera wa harsashi tun kafin a haifi uwarsa. Ba ya farauta. Ko zakara za a yanka, sai ya tuna yana da aiki a rumfa. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya kayar da maƙwabcinsa Budimir a gasar tsofaffin bindigogi ta kowace kaka.

Tagulla ce matsalar. Mariƙan tagulla na ƙofofin gidan sun tafi rumfa ɗaya bayan ɗaya, har baƙi sun saba buɗe banɗaki da igiya. Matarsa Desanka ta zuba masa ido, abu ɗaya kawai ta gindaya masa.

"Tsoho, ka cinye gidan in ka ga dama. Amma ran da ka taɓa taɓaryar kakata, ka nemi mai yi maka girki."

Taɓaryar tagulla ce zalla, miƙaƙƙiya, mai nauyi, ba a ɗaga ta sai ranar bikin shekara na waliyyin da gidansu ke girmamawa, a daka dafaffiyar alkama da ita. Sauran shekara kuwa tana zaune a turmi ba aikin fari ba na baƙi. Milisav kan shiga kicin shan ruwa, ya tsaya yana kallonta kamar kura ta ga akuya a ɗaure.

Bana gasa ta matso, rumfa ba tagulla ko ta magani. Ya ce a ransa, ɗan kaɗan zai yanka daga ƙasa, wa ke auna taɓarya? Harsashin farko da ya gwada ya faɗa tsakiyar allon harbi cif. Tun da yake bai taɓa ganin irin haka ba. Ya ƙara yanka, ya sake ƙarawa, har abin da ya rage bai wuce babban yatsa ba. Ya cusa tsumma a gindin turmi, ya ɗora guntun a kai don kansa ya leƙo kamar da.

Ya kuwa ci gasar. Budimir ya tono harsashi ɗaya daga tudun bayan allo yana jujjuya shi.

"Maƙwabci, ina ka samo tagullar nan?"

"Gado ce," in ji Milisav.

Kyautar wata 'yar igwa ce ta tagulla, dunƙulalliya, an zana sunansa a jikinta. Ya rungumo ta gida kamar jariri, ya ɗora kan talabijin. Da daɗi a ransa, amma tsoro ya fi yawa.

Ranar biki alkama ta dahu, baƙi na hanya. Desanka ta kama taɓarya, sai guntu ya biyo hannunta, tsumma na reto. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Ta dube shi, ta dubi talabijin. Ta je ta cire igwar daga mazauninta, ta auna nauyinta a tafi, ta wanke ta da sabulu, ta hau daka. Milisav na tsaye bakin ƙofa, kowane bugu a ƙirjinsa yake sauka.

Budimir ya ɗanɗana cokali ɗaya ya lumshe ido.

"Desanka, alkamar bana ta yi laushi."

"Sabuwar taɓarya ce. Mijina ya ciyo mini ita a gasa."

Har yau igwar tana cikin turmi. In abokai sun zo ganin kyautar, sai Milisav ya leƙa kicin ya roƙi aro. Desanka ba ta taɓa hana shi ba.

"Ɗauki. In kun gama kallo ka wanke ta, tafarnuwa zan daka."