Ludayin duma a shagon baban Aisyah

Jama'a, yau wani tsoho ɗan Malesiya ya rera mini waƙa da Hausa! Wallahi har yanzu tsigar jikina tashi take.

Aisyah ƙawata ce ta ɗauke ni daga Setapak zuwa garinsu, mu ga shagon babanta na kayan tarihi. Tsofaffin agogo, rediyo, fitilun ƙwai. Kawai sai ga ludayin duma cikin gilashi! Na ce, "Kai, ludayi!"

Tsohon ya miƙe zumbur. Ya ce da Turanci, "Maimaita!" Na maimaita.

Ashe a Makka aka haife shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, wata Bahaushiya maƙwabciyarsu ta shayar da shi. Ludayinta ne. Sai ya fara rera waƙar da take lallashinsa da ita, Hausa raɗau! Wai har ya tsufa bai san ma'anarta ba.

Na fassara masa: "Baba, cewa take, yi shiru ɗana, Allah ne ya ba ni kai."

Ya zauna, ya rufe fuska. Aisyah ta raɗa mini, "Ban taɓa ganin hawayensa ba."

Da ya ɗago ya ce, "Ashe ɗanta take kirana."