Goyo a Bakin Murhu

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da ƙanwata, amma ƙirjinmu ba ɗaya ba ne. Ni ina iya ɗauko buhun gari daga bakin titi har cikin gida ina zuba surutu. Ita kuwa ko shara ta ɗan yi sai ta dafa bango, numfashinta yana fita da ƙara kamar ƙaramin usur. Tun muna yara abin yake ɗaure mini kai, ni kuma Allah ya yi ni da bin diddigi.

A gidanmu na unguwar Liman Abaji a Keffi kowa da tasa fassarar. Baba ya ce gado ne daga dangin Mama, Mama ta ce ai a danginsa ne ake tari kamar tsohuwar mota. Gwaggo ta ɗora wa ruwan sanyi laifi. Aka hana yarinyar nan ƙanƙara, aka hana ta wankan safe, aka naɗe ta da rigar sanyi har a tsakiyar bazara, tarin ko gezau.

Babu wanda ya taɓa waiwayar murhu. Lokacin da aka haife ta ana tsaka da ginin Abuja, magina da leburori suna kwana a Keffi saboda haya ta fi sauƙi, su hau mota da sassafe. Mama ta kafa tukunyar shinkafa da wake a bakin hanya dominsu. Ni a Panda na yi waɗannan shekarun wurin kakarmu, sai da na isa shiga makaranta aka dawo da ni. Da damina itace a jiƙe yake, kananzir kuma ya yi tsada, sai matan wurin suka samo dabara: tsohuwar leda da guntun silifas. In aka kunna su sai su narke su ɗiga a kan itacen, wuta ta kama nan take, baƙin hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe. Mama takan sunkuya ta hura, ƙanwata tana goye, ta leƙo da kai ta saman kafaɗa tana kallo. Masu sayen abinci har tsokana suke yi, wai jaririya tana koyon sana'a.

Sai da ta girma ta kama aiki a Abuja wani likita ya tambaye ta ko tana shan taba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ita da take cikin mawaƙan coci. Ya tambaye ta inda ta yi shekarunta na farko, ta ba shi labari. Ya ce ba zai rantse ba, amma huhun yaro a lokacin yake ginuwa, kuma hayaƙi irin wannan yana iya tauye shi tun bai ƙarasa ba. Da ta faɗa mini, abin da na fara ji mamaki ne, ba baƙin ciki ba. Ashe zaman Panda ne ya raba mu.

Muka ɓoye wa Mama, har ƙanwata ta haihu, hutunta ya kusa ƙarewa. Mama ta riga ta sayi sabon zanen goyo, ta cika unguwa da labarin cewa ita za ta riƙe jikanta. Har lokacin kuma da itace take girki, kwandon ledarta yana gefe. Ƙanwata ta ce ba za ta kawo shi cikin hayaƙi ba, ba kuma za ta iya faɗa ba. Ta ce, "Yaya, ke ce mai baki."

Na sami Mama da hantsi tana tsince wake. Na yi ta kewaye-kewaye, na yabi gas, na kushe tsadar itace, har ta gaji ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa mata abin da likita ya ce da maganar jikan, ina jin tsoro a raina.

Ta ci gaba da tsince waken. Sannan ta ce motocin Abuja ne suka hana ta sauke ƙanwata daga goyo a lokacin, gudu suke yi kamar za su tashi sama, ita a ganinta babu inda ya kai bayanta tsaro. Maganar jika kuwa ba ta ja ba, ta ce a kawo gas ɗin, za ta koya. Na ji sanyi, har na fara miƙewa.

"Zauna," in ji ta. "In na daina yau, nata huhun zai ƙarasa girman?"

Na ce likita ya ce a'a, sai dai a lallaɓa wanda yake akwai.

Ta ajiye faifan waken, ta goge hannu a zane, ta ce in kira mata ƙanwata a waya, in kuma ba su wuri.