Littattafan Aro Daga Gangara

Tun da aka kafa Gobir, ba a taɓa jin Bagobiri ya buɗe wa baƙo rumbunsa wayam ba. A kan wannan aƙida muka shirya tarbar sufeton da zai zo daga Sakkwato ya duba ɗakin karatun makarantarmu. Takardarsa ta ce tantance buƙatu zai yi. Mu kuwa mun san sufeto, laifi yake nema.

Damina ta biyu ke nan gero yana bushewa a tsaye. Rabin 'yan ajina sun bi iyayensu kudu, ga raɗe-raɗin cewa duk makarantar da aka tarar ta tsiyace za a rufe ta, a haɗe yaran da na garin Isa. Mabuɗin ɗakin karatun a hannuna yake. Dukiyar ciki kuwa: ƙamus guda da gara ta karance har harafin D, taswirar da ke nuna Nijar a hannun Faransa, sai littattafan lissafi da ba su cika kanta ɗaya ba.

Hedimasta ya leƙa, ya juyo gare ni.

"Malam, baƙo ba shi ganin wanga abin kunya. Za ni Gangara."

Ya dawo da jakkai biyu ɗauke da littattafan makarantar Gangara, kowanne da hatiminta a shafin farko. Muka jera namu daidai hannu, na aro can sama.

Sai ga sufeto dogo. Ya miƙa hannu ya zaro ɗaya daga sama, ya buɗe tsakiya, ya shiga komowa baya yana lasar yatsa. Saura ganye biyu ya kai hatimi, hedimasta ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, hura ta iso."

Ya rufe littafin. Bayan ya sha, ya ɗauko alƙalami.

"To, mi kuke buƙata?"

"Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe. Sai godiya," in ji hedimasta.

Na buɗe baki, hedimasta ya taka mini ƙafa. Sufeto ya dubi kantoci maƙil, ya rubuta layi ɗaya, ya tashi.

Ba a rufe mu ba. Bayan wata uku motar ma'aikatar ilimi ta wuce ta ƙofarmu da akwatunan sababbin littattafai. A Gangara ta sauke su, inda sufeto ya tarar da kantoci babu komai.